A Gabana Aka Dangwala Yatsa A Madadin Tsohuwa, Na Sa Hannu A Matsayin Shaida

Assalamu alaikum masu kula da wannan shafi da masu karatu. Ina roƙon a ɓoye sunana, kuma don Allah a karanta har ƙarshe kafin a yanke mini hukunci. Duk zagin da za ku yi mini na riga na yi wa kaina, shawara nake nema. Ban yi nisa a boko ba, amma zan jero abin yadda ya faru, ɗaya bayan ɗaya, domin haka na saba yin komai.

Ni mutumin Daura ne, na haura shekara hamsin. A tasha nake aiki, ni ke tsara layin motocin Katsina da Kano. Wanda ya fara zuwa shi zai fara lodi, ko ɗan wane ne. Na taɓa mayar da motar surukina baya a gaban jama'a saboda ya tsallake layi. Kowa ya san ni da wannan hali, kuma saboda shi ne ƙanwata ta ba ni amanar da na ci.

Zan kira ta Rabi, ko da yake ba sunanta ba ne. Mijinta ya rasu bara, ya bar ta da 'ya'ya huɗu a gidan ma'aikata, aka ce da zarar ta fita takaba ta miƙa makulli. Ta sa aka sayar da gonarta ta gado da shanun da ake yi mata kiwo a ƙauye, ta ce in nemo mata gida. Mai takaba ba ta yawo, don haka komai a hannuna yake. Sharaɗi ɗaya kawai ta gindaya mini. Ta ce, "Yaya, ni ban san takarda ba. In ka samu gidan ka kai wa Barista ta duba. In ta ce a saya, a saya. In ta ce a bari, a bari." Baristar nan 'yar maƙwabcinmu ce, a gabanmu ta girma, sau da yawa ni nake rage mata hanya a babur zuwa firamare. Na ce wa Rabi to.

Da farko dillali ya kai ni wani gida a cikin gari, ba nisa da rijiyar Kusugu. Ɗaki uku, zaure, tsakar gida mai faɗi da bishiyar darbejiya. Gidan gado ne, 'ya'yan marigayin maza biyu ke sayarwa, babban zan kira shi Sani. Muna zagayawa na ga ɗaki ɗaya da kwaɗo. Na tambaya, Sani ya ce tarkace ne a ciki. Da muka fito wani dattijo a ƙofar gidan da ke kusa ya ce mini, "Ai ɗakin Inna ne, matar marigayin. Ba ita ta haife su ba. Tana Mashi wurin 'yar ƙaninta tana jinyar ƙafa." Na waiwayi Sani, ya ce, "Mun gama magana da ita, Shugaba." Ban ƙara tambaya ba. Me ya hana ni? Gidan ya kwanta mini, kuma saura kwana ashirin Rabi ta fita takaba.

Na biyu, na ɗauki takardun na je ofishin Barista. Ta durƙusa ta gaishe ni, ta kawo ruwa, sannan ta zauna ta buɗe ambulan, sai ta koma wata mutum daban.

"Kawu, ina takardar rabon gado daga kotu?"

Na ce babu, 'yan'uwa ne, sun daidaita.

"Marigayin bai bar mata ba?"

Na ce akwai wata tsohuwa a Mashi, amma an gama magana da ita.

"Wa ya ji an gama? Kawu, tana da tumuninta a gidan nan. Ko ta zo da ƙafarta, ko mu je mu same ta, ta ce ta yarda da bakinta. Daga nan zan je ofishin filaye a Katsina in duba ko ba a jinginar da gidan ba, sannan a auna iyaka a gaban mai unguwa da maƙwabta. Ka ba ni wata biyu."

Raina ya ɓaci. Wata biyu, marayu su kwana a ina? Na ce mata, "Kakanninmu da lauya suka sayi gida?" Ta ce, "A'a Kawu, amma sun san duk mai haƙƙi a unguwa, kuma sai sun tambaye shi." Ba ta ɗaga murya ba, ba ta yi mini rashin kunya ba. Amma ni abin da na ji shi ne yarinyar da na goya a babur tana koya mini tsari, ni da nake tsara manyan mutane tun kafin a haife ta. Na tattara takarduna na fita, ko ruwan ban sha ba. Yau in na tuna, ita ce ta jero aikin daki-daki irin yadda nake so, ni ne na tsallake layi.

Na uku, na gaya wa dillali. Ya yi dariya ya ce, "Shugaba, ai wurin masu wahalar da mutane ka je. Akwai lauyanmu, kwana biyu ya gama maka." Lauyanmu. Wannan kalmar kaɗai ta isa ta tsayar da mai hankali. Lauyan su wa? Ban tambaya ba. Daga baya na gane shi ke rubuta wa dillalin duk cinikinsa, kuma shi ne lauyan su Sani. Wato na kai amanar ƙanwata wurin mutumin masu sayarwa. Ofishinsa ya fi na Barista kyau, da kujeru masu laushi da sanyi. Bai tambaye ni komai ba sai sunaye. Bai ce zai je ya ga gidan ba, bai ambaci Katsina ba. Ni kuwa sai na ji daɗi, na ce wannan ya san darajar manya.

Ranar sa hannu bayan azahar muka haɗu, ni da Sani da ƙaninsa da dillali. Na ce ina mai unguwa, Sani ya ce ya yi tafiya. Ashe yana gida, sun san in ya zo abin da zai fara tambaya ita ce Inna. A ƙasan takardar akwai layi uku na masu sayarwa, na ukun da sunan tsohuwar. Su biyu suka sa hannu. Sai lauya ya miƙe ya ce bari ya amsa waya a waje. Yana fita Sani ya danna babban yatsansa a tawada ya dangwala a layin Inna. Ya kalle ni ya ce, "Ta ce in wakilce ta, ka san ciwon ƙafa." Na gani da idona. Na san ba haka ake wakilci ba. Zuciyata ta ce mini tashi ka fita, amma na tuna makullin da za a karɓa, na tuna in na tashi sai na koma wurin Barista na sunkuyar da kai. Lauya ya dawo ya miƙo mini biro, na sa hannu a wurin shaida. Ya manna jan hatimi, aka yi fatiha. Da bakina na ce amin.

Na kai wa Rabi takardar. Ta shafa hatimin ta ce, "Barista ta duba, Yaya?" Na ce ta duba. Ta fashe da kuka tana sa mini albarka, ta ce ko mahaifinmu ne da rai iyakar abin da zai yi mata ke nan. Ta ɗauko turmin atamfa ta ce in kai wa Barista tukuici. Atamfar nan tana ƙasan akwatina har yau. Bayan mako biyu na haɗu da Barista a wurin ɗaurin aure, ta ce, "Kawu, yaya maganar gidan?" Na ce an fasa. Ƙarya ta biyu ke nan, kuma ta fi ta farko sauƙin fitowa.

Sani ya ɓalle kwaɗon ya kwashe kayan ɗakin, ban san inda ya kai su ba. Rabi ta tare. Ta yi fenti, ta shuka zogale, ta fara suyar awara, yaran unguwa suka saba da gidan. 'Yarta babba ta ɗauki ɗakin da ke da kwaɗon. Wata bakwai ina zuwa ina cin tuwo a tsakar gidan nan, ina gaya wa kaina ai an wuce wurin.

Makonni uku da suka wuce, da hantsi, ina zaune a zaure sai babur ya sauke wata tsohuwa da sanda. Ta yi sallama ta wuce ni kamar mai shiga gidanta, ta nufi ɗakin kai tsaye. Rabi ta shimfiɗa mata tabarma ta kawo fura. Ina jin su.

"'Yar nan, haya suka ba ku? Ina akwatina da kwanukana?"

"Saya muka yi, Inna."

"Wa ya sayar?"

Rabi ta ɗauko takardar ta nuna mata layin, ta ce ga yatsanki nan. Tsohuwar ta daɗe tana kallon wurin, sannan ta ɗaga babban yatsanta ta ce, "Ni rabona da tawada tun ranar zaɓe. Ba a tambaye ni ba. A ɗakin nan aka kawo ni amarya, a nan na yi jinyar Malam, a nan nake so a ɗauki gawata." Ba ta yi ihu ba, ba ta zagi kowa ba. Ta sha furar, ta gode, ta tafi. Da za ta fita ta ce mini, "Sannu Malam."

Yanzu sammaci ya zo daga kotun shari'a, dangin Inna sun shigar da ƙara. Wayar Sani a kashe, an ce ya tsallaka Nijar, ƙaninsa ya ce shi bai ga komai ba. Dillali in ya hango ni sai ya sauya hanya. Na koma wurin lauyan, bai ko ce in zauna ba. Ya ce, "Abin da aka kawo mini na rubuta. Kai ne shaida, ba ni ba. In alƙali ya tambaye ka, ka ce a gabanka ta dangwala, magana ta ƙare. Tsohuwa ce, kowa ya san akwai mantuwa." Wani da ya san kan kotu ya gaya mini ana iya ba ni Alƙur'ani in rantse, kuma in ta tabbata yatsan ba nata ba ne, alƙali na iya rushe cinikin gaba ɗaya. In an rushe, wa zai nemo Sani? Gonar Rabi ta tafi, shanunta sun tafi. Ina za ta kai marayu huɗu?

Abin da ya fi kashe ni shi ne Rabi ce ke lallashina. Shekaranjiya ta ga na kasa cin abinci ta ce, "Yaya, kada ka sa damuwa. Ai Barista ce ta yi aikin, ita ba ta wasa. Ranar Litinin mu je tare mu kai mata sammacin." Ta ma tambaye ni ko atamfar ta yi mata. Na ce ta yi.

Jiya a tasha wani direba ya shigo da motarsa gaban layi ya fara lodi. Duk aka juyo ana kallona, ana jiran tsawar da aka saba ji. Na zauna a benci har ya cika ya tafi.

Na jera hanyoyin da ke gabana kamar yadda na saba, babu wadda na iya bi. In na rantse a kan ƙarya, gida zai zauna wa Rabi, amma na ƙwace wa tsohuwa ɗakinta da Alƙur'ani a hannuna, kuma marayun za su girma a kan haram ba su sani ba. In na faɗi gaskiya, mai yiwuwa in fitar da ƙanwata titi da bakina, ni kuma a kama ni da shaidar zur. Na yi tunanin in hau babur in je Mashi in durƙusa a gaban Inna in roƙe ta ta dawo ɗakinta su zauna tare da Rabi, amma da wace fuska, kuma ko danginta za su yarda bayan magana ta kai kotu? Na yi tunanin in riga Rabi zuwa wurin Barista in faɗa mata komai. Sau biyu ina isa ƙofar ofishinta da atamfar a leda ina juyowa. Za ta karɓi aikin da na raina ta a kansa? Ko ta karɓa, akwai sauran abin gyarawa?

Masu sanin shari'a, malamai, da duk wanda ya taɓa sayen gidan gado, ku taimake ni. Wa zan fara fuskanta, Rabi, ko Barista, ko Inna? Yau Asabar. Ranar Litinin ƙanwata za ta yafa mayafinta ta shiga ofishin nan tana godiya a kan aikin da ba a yi ba. Ranar Alhamis alƙali zai kira sunana.

Don girman Allah, me zan yi?