Salatin Bakin Rijiya

Yamai, daren Laraba, cikin bazara

Barci ya ƙi zuwa. Jikina sai rawa yake, maƙogwarona giya kawai yake nema.

Yau dai na je inda Isufu direba ya kwatanta mini a unguwar Harobanda. Na zata ɗaki ne da kujeru, ashe garka ce ta kayan lambu. Tunda sojoji ba su son ganin taro, waɗanda suka bar shan giya a nan suke haɗuwa da la'asar, suna ban ruwa suna hira.

Baba Amadu mai garkar ya miƙo mini bokiti. Kafin in ɗaga daga bakin rijiya na zubar da rabi. A wannan fari! Kamar in nutse don kunya.

Ya ce, "Kar ka damu, ɗana. Dubi salatin nan na bakin rijiya, ya fi ko'ina kore. Rawar hannun sababbin zuwa ce ta shayar da shi. Ni na fara."

Ya ba ni fangalin tumatir guda, nawa ni kaɗai.

Yanzu ina jin kiɗan mashayar bayan gidanmu. Har na sa takalmi, na cire. In na fita, gobe wa zai ba tumatirin nan ruwa?