Shafi Huɗun da Kika Yanke

Zuwa ga yayata, Adda Luba,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa irin ta ƙanwa ga yayarta, da fatan Allah Ya yalwata miki makwanci, ina sanar da ke cewa mu da muka rage muna nan lafiya, sai ciwon gwiwa da yawan mantuwa. Na san takarda ba ta isa inda kike. Na rubuta ne domin maganar ta ƙi zama a cikina, kuma na ajiye ta inda jama'a za su gani, tunda a gabansu na ji kunyar.

Akwai wani zaure da masu son karatun littattafai suka buɗe a waya, 'yata ce ta saka ni. Makon jiya aka ce kowa ya faɗi marubucin da ya fi so da dalilinsa. Kin san ni da baki, ban jira kowa ba. Na ce mutumin nan da ya rubuta littafin mai haƙar rijiya, wanda kike karanta mana a Bodinga. Na ce duk ƙasar Hausa babu wanda ya iya rufe labari kamarsa, domin ya dawo wa tsohuwa da ɗanta.

Wata yarinya 'yar Sifawa ta amsa mini cikin ladabi, ta ce Hajiya, ai a littafin nan bai dawo ba. Na hau ta da faɗa. Na ce na ji labarin nan tun ba a haifi uwarta ba. Sai kawai ta ɗauki hoton shafukan ƙarshe ta turo.

Adda, rijiyar ce ta rufta da shi. Can wani gari aka binne shi, kuma babu wanda ya je ya gaya wa uwarsa. Haka marubucin ya rufe.

Na karanta sau uku, sannan na tashi na buɗe akwatin ƙarfenki da ke ƙarƙashin gadona.

Bari in tuna miki, ko da yake ke ba ki manta ba. Lokacin farar hula ne, garin ya cika da tutocin jam'iyyu, kina koyarwa a firamare, ni ina makarantar 'yan mata. Shekara guda ke nan da Yaya Mu'azu ya bi motar albasa daga Danchadi zuwa Kurmi. Motar ta dawo, shi bai dawo ba. Baba ya aika, an tambaya a tasha-tasha, shiru.

Inna ba ta taɓa kiran sunansa ba tun yana jariri, ɗan fari ne. Mata suna zuwa jaje, ita tana ba su ruwa tana tambayarsu lafiyar yara, kamar ɗan maƙwabta ne ya ɓata. Idan Baba ya dawo daga cigiya, ba ta tambaya. Sai dai ta tsaya da tsintsiya a bakin ɗaki har ya gama ba mu labari. Amma mun lura kullum tana zuba tuwo a akushi ɗaya fiye da yawanmu, da safe ta ɗumama ta ba mu ba tare da ta dubi kowa ba.

A daminar wannan shekarar kika zo da littafin. Bayan la'asar kike shimfiɗa tabarma a gindin darbejiya, ni da matan gidan Malam Sanda mu zagaye ki. Inna takan zauna nesa kaɗan da faifai tana tsince wake, wai ita ba ruwanta da ƙaryar 'yan boko. Kwana uku kawai faifan ya matso. Labarin saurayi ne da ya bar tsohuwarsa ya tafi haƙar rijiya a ƙasar da ake fari. Ran nan kina rufe littafin sai muka ji muryarta: "Luba, mai rijiyar ga, har yau bai komo ba?"

Tambayar da ba ta iya yi wa Baba ce ta yi miki. Daga ranar kullum sai ta yi ta, kullum ki ce saura kaɗan.

Da muka kusa ƙarshe sai kika ɗaga littafin kika nuna mana bangon baya, kika ce: "Gara ta canye ƙarshen, amma na karanta shi kwaleji, na san yadda yaƙ ƙare." Kika ajiye shi a cinya, kika ba mu da ka. Ya dawo ranar kasuwa, yana ɗingishi, ba jaka ba tsaraba. Ya daɗe a ƙofar gida yana jin kunyar shiga hannu wofi. Tsohuwar ta gane tarinsa tun daga zaure. Ba ta yi guɗa ba, ba ta ko ɗaga kai ba, sai ta ce: "Wanke ƙahwa, ga tuwo can."

Matan gidan Malam Sanda suka yi ta share hawaye da bakin zane. Inna ta kaɗe faifanta ta miƙe. Tana shiga ɗaki muka ji ta ce, kamar da kanta take: "Ashe suna komowa."

A daren ranar ta cinye tuwonta duka, abin da ta daɗe ba ta yi ba.

To, na buɗe akwatin. Littafin yana nan, ya yi ja, yana warin tsufa. Na juya bayansa na kai shi bakin taga. Adda, gara ba ta ci a miƙe. Shafi huɗu ne, an yanke su da reza tun daga ɗinki, yanka mai tsabta irin na malamar da ta saba yanka kwali. Shekara arba'in littafin yana hannuna, ban taɓa dubawa ba.

Da abin ya tsaya nan, da kuka kawai zan yi in gode miki. Amma akwai ɗaya maganar, kuma ita ce ta hana ni sukuni.

Bayan sojoji sun karɓi mulki abubuwa suka tsuke. Sabulu sai an bi layi, madara ta zama labari. Kantin littattafan da muke zuwa a Sakkwato ya koma sayar da alli da tawada, sabon littafi ya ɓace kamar ba a taɓa bugawa ba. An riga an mayar da ke aiki garin Shagari, can kuma takardar rage ma'aikata ta same ki. Na zo miki hutu na tarar kina saƙar hula. Na yi ta mita cewa babu abin karantawa. Sai kika shiga ɗaki kika fito da littafin rubutu irin na 'yan makaranta, mai shuɗin bango, cike taf da rubutunki. Kika miƙo mini kina kallon ƙasa, ke da ba kya jin kunyar kowa. Kika ce labarai ne kike ɗan taɓawa, in duba.

Na karanta shafi biyu a tsaye. Ina ganin kaina 'yar sakandare wadda ta san marubuta. Na mayar miki na ce: "Adda, wagga ai tatsuniya ta. Ki tuna yadda mai littahin rijiya yar ruhe nashi, shi aka kira marubuci."

Kin yi dariya har da riƙe ciki. A lokacin na ɗauka kin ji daɗin wasan ne. Kika ce: "Gaskiyakki, Saratu. Shi ya iya." Kika mayar da shuɗin littafin ɗaki, ban sake ganinsa ba.

Kalma ɗaya ta ishe ki ki kunyata ni a ranar, ba ki faɗa ba. Inna tana raye, kin san kuma bakina ba ya riƙe magana.

Yaya Mu'azu bai dawo ba. Inna ta rasu tana zuba akushin nan, amma ba ta rasu da baƙin ciki a fuska ba, duk ranar kasuwa takan share zaure da kanta. Ke kuma ciwon shawara ya kwantar da ke shekara biyu bayanta. Maganin da aka rubuta ba a same shi ba a Shagari, ba a same shi a Bodinga ba, kafin a kawo daga birni an riga an yi miki sutura. Da aka raba kayanki na ce a ba ni akwatin littattafai. Na zazzage shi a wannan makon har sau biyu, Adda, na tambayi 'ya'yanki, na tambayi matar da ta gaji ɗakinki. Babu mai shuɗin bango. Ban san ko kin ƙone shi ba ne, ko an naɗe ƙosai da shi. Shafi biyu kaɗai na karanta, su ma ban riƙe ko jimla ɗaya ba.

Ki yafe mini. Ina kewarki, kuma ina jin haushin kaina yadda ba zan iya faɗa ba.

Na nemi afuwar yarinyar Sifawa, ta ce ba komai. Jiya na sayi takarda mai layi, na rubuta ƙarshenki yadda kika faɗe shi a gindin darbejiya, da ɗingishin da tarin da tuwon, na manna a inda kika yanke. Rubutun bai yi kyau ba. Sannan na koma zauren na goge amsata ta farko. Inda aka ce marubucin da ka fi so, na rubuta Lubabatu, malamar firamare a Bodinga. Wani ya tambaya wane littafi kika rubuta, a ina ake samunsa. Na ce shafi huɗu ne, kuma wadda aka rubuta dominta ta riga ta ji.

Allah Ya jiƙan ki, Ya haskaka kabarinki, Ya saka miki da alheri kan abin da kika yi wa Inna. Allah Ya jiƙan Inna da Baba. Yaya Mu'azu kuma, duk ƙasar da ta rufe shi, Allah Ya kai masa rahama can. Allah Ya tara mu a gida ɗaya inda babu wanda za a jira. Amin.

Ƙanwarki mai gardama,
Saratu