Jakar marigayi ta mai da ni Madam Anspektiris

Malama Khairiya, ki taimake ni kafin Juma'a. Na shiga wani abu da tsufana, kuma abin kunyar shi ne daɗinsa nake ji. Maƙwabciyata da ke rubuta mini wannan ma ta ce in gama dariya tukuna.

Ni tsohuwa ce a Didaouré, shekara tara ke nan da rasuwar mijina. Ina riƙon jikata Hadiyya, 'yar shekara shida. Ubanta Fousséni, ɗana, yana aiki a Dapaong shi da matarsa. In yarinyar ta tashi daga lakwal, wato makaranta, mai zemijan, ɗan acaɓa ke nan, na kai ta wani gida can bayan kasuwa, inda ake tsare yara har magariba. Gardiri suke ce masa. Ni ban taɓa zuwa ba, gwiwa ta hana.

Sai Fousséni ya bugo waya, wai ya ji ba a kula da yara a wurin, in je in duba, in gaskiya ne zai ɗauke 'yarsa. Har ya aiko direba da takardar tambayoyi, duk da Faransanci. Ni da aji biyu na yi a Sotouboua! Na dai sa leshin sallah, na ɗora gilashin marigayi, na zura takardar cikin jakarsa ta fata, wadda ya yi shekara talatin yana yawo da ita yana masinja a ofis. Na gargaɗi Hadiyya kada ta nuna ta san ni.

Ashe a makon an ce musu masu binciken gwamnati na tafe. Ina shiga, mai wurin, Madam Rachida, ta ga jaka ta ga gilashi, sai ga ta da kujera a guje tana ta kirana Madam Anspektiris, wato mai bincike. Na buɗe baki zan gyara mata, idona ya faɗa kan rijiya: a buɗe, guntun kwano kawai a kai, yara na tsalle a gefenta. Na rufe bakina.

Faransancina kalma biyu ne, waɗanda marigayi ke kwaikwayon ubangidansa da su: bon, wato da kyau, da kontinuwe, wato a ci gaba. Da su na zagaye gidan kaf. Na nuna rijiya, bon. Yara talatin da takwas, mata biyu, ɗaya kanta na cikin waya, bon. Kofi ɗaya kowa ke sa wa baki, bon. Ƙofa a buɗe, duk wanda ya ce ɗansa ne sai a miƙa masa, bon. Ina yi ina jan layi a takardar da bik, wato biro. Madam ta gwada ni da yaren Kotokoli, na yi kamar kurma. Sai a gida Hadiyya ta ce min takardar a juye na riƙe ta. Wa ya isa ya matso ya gani?

Malama, da na koma bayan mako! Rijiya da murfin ƙarfe har da kwaɗo. Sabulu da buta a ƙofa. Kowane yaro da kofinsa. An ƙaro mace ta uku. Ba a ba da yaro sai an duba suna a kaye, littafin rajista. Zuwana huɗu yanzu. In na shiga yara su miƙe su gaishe ni da waƙa, a kawo min zoɓo mai sanyi, Hadiyya tana cizon leɓe kada dariya ta kuɓuce mata. Ni da ko a gidan suna tabarma ake nuna min!

Kuma kada in ci amanar matar, ba muguwa ba ce. Na gan ta goye da yaro mai zazzaɓi tana koya wa sauran karatu. Aiki ne ya fi ƙarfinta, kuma ba mai leƙowa.

To ga matsalar. Juma'a Fousséni zai zo, ya ce tare za mu je. Yana cewa Inna, shi ke nan na tonu. Kuma in na faɗa masa abin da na tarar ranar farko, zai tafi da yarinyar, gida ya rage daga ni sai rediyo. Na yi tunanin in ce masa ya shiga a matsayin direbana. Ya kika gani?

Tsohuwa mai jaka, Didaouré

*

Inna, na yi dariya har da hawaye, amma maganar direba a bar ta nan. Ɗanki ba zai yarda ba, in ma ya yarda abin ya ƙara lalacewa.

Ki karɓi yabonki tukuna: wata ƙila kin hana wani yaro faɗawa rijiya. Sai dai shiga rigar ma'aikacin gwamnati ba wasa ba ne. Ranar da mai binciken gaske ya zo ya ji labarinki, zoɓon zai fita ta hanci. Sannan ga Hadiyya, kin ɗora wa 'yar shekara shida ɓoye kakarta.

Ki je gobe, ba gilashi ba jaka, hannunki riƙe da na jikarki. Ki keɓe da Madam Rachida, ki fara da goyon yaron nan da kika gani, sannan ki faɗi ko ke wace ce, ki nemi afuwa. Za ta ji kunya, ƙila ta yi fushi. Ki bar ta ta yi, tana da hakki.

Fousséni kuma ki gaya masa duka, ranar farko da yau. 'Yarsa ce, damuwarsa daidai take. Ya je ya taɓa kwaɗon nan da hannunsa, ya ƙirga yara da masu kula da su, ya tambayi abin da ake yi in yaro ya kwanta ciwo. Ku nemi a yarda iyaye su riƙa leƙowa bi da bi, ba sanarwa, ke ki ɗauki rana ɗaya. Ai kin gano maganin da kanki: wurin ya gyaru ne da aka fara kallonsa.

In kuwa bayan haka kika sake tarar da rijiya a buɗe, ku kai ƙara ofishin da ke kula da su, ku cire yarinyar, ko da Dapaong za ta. Zaman kaɗaici da ciwo, na sani, amma ran Hadiyya ya fi. Ni dai ina ganin in ɗanki ya ji yadda kika tsaya mata, da wuya ya raba ku.

Allah ya jiƙan marigayi mai jakar, ya ƙara miki lafiyar gwiwa, ya raya Hadiyya. Gilashi a mayar akwati. Leƙen da kika fara kuwa, Inna, bon. Kontinuwe.