A Kan Malamin Asibitin da Ya Sa Aka Murza Ƙafar Ƙanena

Zuwa ga Mai Girma Shugaban ɗakunan shan magani na ƙasarmu.

Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa da ban girma, ni malamin makaranta ne a Tambuwal. Na rubuto ne a kan ma'aikacinka da ke riƙe da ɗakin shan magani a wani ƙauye cikin ƙasar Kebbe. Ka san shi, domin kai ka tura shi can.

Da farko, akwai wata cuta a gidanmu. Ƙafa ɗaya za ta kumbura ta yi zafi, sai ƙirji ya ɗauka, sai numfashi ya sarƙe. Haka mahaifinmu ya tafi, haka gwaggonmu ta tafi tana jego. Ni ma ta kama ni a shekarar da aka sami mulkin kai, aka kai ni Sakkwato. Likitan da ya duba ni ya ce jininmu ne mai saurin daskarewa a cikin jijiya, kuma gado ne. Ya ba ni maganin tsinka jini, ya ja mini kunne kada a kuskura a murza irin wannan ƙafa, don gudan jinin yana iya ɓallewa ya tafi huhu.

Na biyu, a daminar bana sharaɓar ƙanena Bello ta kumbura. Manomi ne a ƙauyen nan, yana da mata da 'ya'ya ƙanana. Da na sami labari na hau keke na je, na gaya wa malamin asibitinka duk abin da na gaya maka yanzu. Ya kalle ni sama da ƙasa, ya ce kurkunu ne, damina ce, kowa ƙafarsa a kumbure take, ni in koma ga allona da allina. A ranar kuwa, motar da ke kawo magani tana tsaye a ƙofarsa, za ta koma Sakkwato fayau. Na roƙe shi har da durƙusawa a sa Bello a ciki, ya hana. Ina juya baya ya sa aka shafe ƙafar da man kaɗanya, ƙarti biyu suka yi ta murza, wai don tsutsar ta fito da kai.

Washegari Bello ya miƙe zai yi alwalar azahar, ya dafe ƙirji ya faɗi. Ba tsutsar da ta fito har muka sa shi a kabari.

Yanzu mutumin naka yana yawo yana cewa kwana ne ya ƙare. Na yarda da ajali, ba shi zai koya mini tauhidi ba. Amma wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski, shi kuwa albashi yake ci don ya saurari marar lafiya. Da rashin sani ne da na haƙura. An gaya masa, girman kai ya hana shi ji. Ya turo dattawa da goro a ba ni haƙuri, na mayar masa da goronsa. Ban yafe ba, kuma ba zan yafe ba, Allah ya isa tsakanina da shi.

Abin da nake nema, Ranka ya daɗe, a kore shi daga aiki, a kuma karanta dalilin korar a kasuwa kowa ya ji. Kada a ce an canja masa gari, don can ma 'ya'yan mutane ne. Ina so ya ɗanɗana kunya a gaban matar Bello da marayunsa. A kuma sanar da sauran ma'aikatanka cewa ba kowace kumburarriyar ƙafa ce kurkunu ba, su riƙa tambayar abin da ya kashe iyayen mutum.

A hanzarta, domin ƙanwarmu Hajara tana aure a ƙauyen nan, da tsohon ciki, kuma jininmu ɗaya. In ta haihu ƙafarta ta kumbura alhali yana nan, sunanka zan sa kusa da nasa a cikin addu'ata.

Allah ya ja zamaninka, ya ba ka ikon yin adalci tun kana da iko.

Wassalam.

Malam Umaru, Tambuwal.