Alƙiblar Masallacin Malam

Madabo, Kano
6 ga Yuni, 1999

'Yata Sa'ida,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kina lafiya, yaya Zariya, yaya karatu?

Tun da soja suka koma bariki, kowa a unguwar nan ya zama ɗan kwamiti. Sabon kansila ya yi alkawarin siminti a gyara masallacin ƙofar gida, sai ga Tanko ɗan Liman da wani kamfas mai nuna alƙibla da ya sayo a Makka. Ya ajiye shi a ƙasa, wai alƙibla ta karkace, sai an rushe bangon gaba. Bangon da kakanki Malam ya tsayar da kansa yana duban taurari! Shi kaɗai ya rage mana cikin aikin hannunsa, kuma in ya faɗi ban san inda zan sa raina ba.

Ke ce mai karatun lissafi. Ki lissafa, ki rubuto mini cewa Malam daidai ya yi, in karanta musu a taron ƙarshen wata. Allah ya yi miki albarka.

Baffanki,
Nata'ala

Zariya
14 ga Yuni

Baffa,

Ina gaisuwa da girmamawa. Na zo ranar Asabar, na tarar ka tafi ta'aziyya Bichi. Na auna bangon da inuwar rana, na dawo na yi lissafi.

Bari in ɗan gaya maka irin karatun da nake yi. Turawa na ce masa numerical analysis, ni kuwa lissafin kusanto nake ce masa. Akwai tambayoyin da ba a iya rubuta amsarsu cif, komai iya lissafin mutum. Sai ka yi hasashe, ka duba nisan kuskurenka, ka gyara, ka sake dubawa, har kuskuren ya ƙanƙance. Mutanen Babila sun yi haka a kan allunan yumɓu. Daga baya wani malami Musulmi a Samarƙand ya yi ta maimaita irin wannan gyara da hannu, don ya tsara jadawalin kusurwoyi irin wanda ake neman alƙibla da shi. Kwamfutarmu ma abin da take yi ke nan, sauri kawai ta fi su. Ƙa'idarmu ɗaya ce: ba a ba da amsa sai an faɗi girman kuskurenta.

To Baffa, bangon Malam ya karkata dama da kusan digiri bakwai, wato faɗin yatsu huɗu in ka miƙe hannu. Awona zai iya kuskurewa da digiri ɗaya, ba zai kai bakwai ba. Tanko ya fi kusa da gaskiya. Wallahi ban ji daɗin rubuta wannan ba.

'Yarka,
Sa'ida

Madabo
19 ga Yuni

Sa'ida,

Bayan gaisuwa, saƙonki ya iso. Na roƙi kalma ɗaya, kin aiko mini da tarihin Babila. Ashe abin da aka tura ki koyo ke nan, ki ƙaryata kakanki da yatsu huɗu? Raina ya ɓaci ƙwarai. Ke da kanki kin ce a fanninku ba a samun amsa cif. To ki rubuta "daidai ne", wa zai kama ki? Ina jira kafin ranar taro.

Nata'ala

Zariya
22 ga Yuni

Baffa,

Ina gaisuwa, ina kuma neman afuwa. Ba zan iya rubuta "daidai ne" ba. Mutane za su yi salla a kan maganata.

Amma ga abin da zan iya sa hannu a kai. Mutum ba kamfas, ba jadawali, da ido kawai ya nufi garin da ke bayan hamada da teku, ya kuskure da yatsu huɗu. Ni a wurina wannan abin alfahari ne. Lissafi iyakarsa ya faɗi girman kuskure. Ko kuskuren ya isa a rushe bango, wannan tambayar Liman ce, ba tawa ba, ba ta Tanko ba. Ka karanta musu takardata ta farko yadda take, ko ka bar ta. Ko me ka zaɓa, ni 'yarka ce.

Sa'ida

Madabo
2 ga Yuli

'Yata,

Assalamu alaikum. Na karanta musu, ban tsallake ko layi ɗaya ba, har wajen yatsun nan huɗu. Tanko har da gyara hula. Liman ya ce wanda ke nesa da Makka, fuskantar ɓangarenta ya wadatar masa, sallolin baya suna nan, bango kuma ba mai taɓa shi. Yaɓe kawai za a yi masa.

Wani abu kuma, kada ki gaya wa kowa. Tun ranar, in na shimfiɗa buzu a ɗakina, sai in ɗan karkata shi hagu. Karon farko sai da na yi wa Malam addu'a, na share hawaye, sannan na iya tayar da kabbara.

Ki zo hutu. Allah ya yi miki albarka.

Baffanki,
Nata'ala