Inna, Na Kasa Rufe Ido a Coci

Zuwa ga mahaifiyata,

Gaisuwa mai yawa tare da ladabi da biyayya, a cikin sunan Ubangiji. Ina fata kin sami hutun da duniya ta hana ki. Bayan gaisuwa, Inna, na san takarda ba ta isa inda kike. Amma maganar ta cika mini ciki, kuma duk wanda na gaya wa a nan Ƙanƙara sai ya ce in sha magani.

Bari in fara da mai daɗi. Na haihu, mace, an sa mata sunanki, muna kiranta Uwa. Maigidana yana koyarwa a sabuwar firamare, an ƙara musu albashi har ya sayi babur da rediyo. Tun da kuɗin mai suka shigo ƙasar nan kowa gini yake yi. Cocinmu ma an sauke jinka an yi rufin kwano, an shafe ƙasa da siminti. Jama'a sai murna suke. Ni kuwa simintin nan shi ya ƙarasa ni.

Kin fi ni sanin yadda ake sujada wurin Baba Mai Wahayi, a ƙauyenmu na bayan Tafoki, amma zan faɗa saboda masu karanta wannan. A rufe ƙofa a sa sakata. Kowa ya cire takalmi, ban da shi. Mu durƙusa, ya ce a rufe ido, wanda ya buɗe ya raina Ruhu. Sai ya fara zagayawa a tsakaninmu sannu a hankali, takalminsa na fata yana kuka. Duk wanda hannunsa ya sauka a kansa, wai shi aka nuna masa. Hannun ba ya ɗagawa sai mutum ya faɗi zunubinsa a gaban jama'a, in ba shi da shi ya nemo. Daga nan ba mai cin tuwo kwano ɗaya da shi sai ranar da Baba ya ce ya tsarkaka.

Kin tuna tsohon nan maƙwabcinmu da ya yi ta tuba a kan satar kaza guda, shekara da shekaru, har muka fara tausayin kazar? A gida mukan yi dariya ƙasa-ƙasa. A can kuwa ko yawu ba na iya haɗiyewa.

Da ƙafata na fito daga cikin mabiyan Baba, Inna, kuma ban yi da-na-sani ba. Na auri wanda ba nasu ba, suka ce na mutu, suka hana ki ambaton sunana. Rasuwarki ma a bakin wani direba na ji ta a kasuwar Sabuwa, bayan an riga an binne ki. Na yi kuka na share hawaye, na ce aƙalla na tsira da kaina. Ashe jikina bai ji labarin fitowar ba.

Cocin nan na Ƙanƙara ba abin da ya yi mini. Ƙofa a buɗe take, har akuya kan leƙo ta saurari wa'azi. Fasto tsoho ne mai sanyin hali, ko kaza ba zai iya kora ba. Ina iya waƙa da su, ina iya sauraron karatu. Amma da zarar ya ce, “Mu rufe idanunmu mu yi addu'a,” shi ke nan. Zuciyata ta hau dukan ƙirjina kamar ana sussuka, tafin hannuna ya jiƙe. Fatar kaina ta dinga tsuma, tana jiran hannu. Ina sane sarai ba mai zuwa, sanin kuwa ba ya hana komai.

Lokacin da daɓen cocin ƙasa ne ina daurewa, in kafa ido a ƙafafuna har a ce amin. Da aka yi siminti, dattijon da ke zagayawa da kwanon baiko, wato na sadakar coci, ya sayo sabon takalmi. Ranar da na fara jin takunsa a bayana ban san lokacin da na tsallake mata uku ba. A gindin darbejiya na tsinci kaina ina amai.

Malamin asibiti ya ce jinina ne ya yi ƙasa, ya ba ni ƙwayoyi. Hajiya mai gidan da muke haya ta ce iska ce, ta ba ni turare, Allah ya saka mata, ita ce ma ba ta yi mini dariya ba. Matan zumuntar cocinmu kuwa suka zo har ɗakina don su taimake ni. Suka turo ƙofa, suka kewaye ni, suka ce in durƙusa in rufe ido, suka ɗora mini hannuwa a ka. Da kyakkyawar niyya suka yi, Inna. Kwana biyu ban iya cin abinci ba.

Maigidana ya yi haƙuri iya haƙuri. Amma yanzu yakan ce, “Ai kin baro su, mi kuma ya rage?” Ke kika sa mini suna Ladi don ran Lahadi aka haife ni, ga shi tun daga Juma'a nake fara fargabar ranar.

Lahadin da ta wuce aka sa za a miƙa Uwa ga Ubangiji. Abu ɗaya na roƙa a raina, in tsaya da ɗiyata a gaban ikilisiya kamar kowace uwa, ko da daga ranar ba zan sake iyawa ba. Na yi sabon ɗinki. Na fita gaba da ita a hannu, maigidana a gefena. Fasto ya yi murmushi, ya ce a rufe ido, ya miƙo hannu zai dafa kanta.

Ban yi shawara da kowa ba. Sai na ga na duƙa a kanta na lulluɓe ta da mayafina, hannun ya sauka a kan ɗankwalina. Bakina ya buɗe da kansa, na ce, “Na yi zunubi,” da ƙarfi, kowa ya ji. Na rungume ta na fita a guje, na bar bawan Allah da hannu a sama.

Yanzu ana ta ƙus-ƙus, wane zunubi ne mai jego za ta furta da jaririya a hannu. Maigidana bai tambaye ni ba. Da ma ya tambaya, da ya fi mini sauƙi.

A gindin darbejiyar nan na tuna ki, Innata. Ina ƙarama, duk lokacin da takalmin Baba ya doso mu, sai ki jawo kaina kan cinyarki ki rufe ni da mayafi, ki raɗa mini, “Yi shiru, ɗiyata, yanzu a tashi.” Sai hannun ya sauka a kanki. Ki ce kin yi gulma, ki ce kin yi hassada, ke da ko gardamar farashi ba ki iya ba. Ki koma bayan rumbu ki ci tuwonki ke kaɗai. Ni kuwa na ɗauka da gaske kin fi duk matan ƙauyen zunubi.

Sai yanzu na tambayi kaina, yaya aka yi kike sanin mu ya nufa? Ashe ke ma idonki a buɗe yake. Duk shekarun nan tsoron da nake ji kina jin sa, ba ki da darbejiyar da za ki ruga, ba ki kuma taɓa gaya mini ba.

An sake sa rana, Lahadi mai zuwa. Ƙanwar maigidana ce za ta riƙe Uwa. Ni zan tsaya a waje kusa da taga, inda zan ji muryar Fasto ba tare da na ji takun kowa ba. Ba na jin zan warke, Inna, na daina ma yi wa kaina alkawari. Abin da nake tsoro shi ne yarinyar nan ta girma ta lura uwarta ba ta shiga ɗakin Allah, ta ɗauka irin abin da na ɗauka game da ke.

Ubangiji ya ba ki hutawa a inda ba sakata, ba mai zagayawa. Ya sa duk hannun da zai taɓa kan Uwa ya zama na albarka, ta rufe idonta ba fargaba. Ni kuma, in yana karɓar addu'ar mai buɗaɗɗen ido, to ga tawa nan, don haka nake yin ta. Ai na san ya karɓi taki. Amin.

Ɗiyarki da kika lulluɓe,
Ladi