Bencin Ranar Talata

Daga garin Minya.

Ɗana Wa'il,

Bayan sallama, ina fata kana lafiya, kai da Hala da jikata. Mu nan lafiya lau, sai ciwon ƙafar da ka sani.

Na rubuto ne domin a waya kullum sauri kake yi. Ka ce kamfaninku ne ya yi wa asibitinmu na masu ciwon sukari manhajar ba da lokacin ganin likita, kuma aikinka shi ne gano bukatun mutane kafin a gina ta. Ka ce kun naɗi muryoyinmu kun ba ƙirƙirarriyar basira, ta tace su, ta rubuta muku abin da muke so cikin yini guda. Ban ce ta yi ƙarya ba. Kowa ya ce jira ya yi yawa, ni ma haka na ce.

To amma wa ya taɓa zama a bencin asibiti bai yi ƙorafi ba? Ai da ƙorafin ake buɗe hira. Tun rasuwar mahaifinka, kowace Talata muna kan bencin nan: ni, da Hajja Sa'diyya mai tulun shayi marar sukari, da Umm Girgis da ke ɓoye waina a jaka tana rantsuwa ta jikanta ce. A nan muka yi wa yara biyu aure da baki. A nan kuma nake karanta wa Umm Girgis yadda za ta yi allurarta, don idonta ya tafi, ba ta kuma so ɗanta ya sani.

Yanzu kowa da lokacinsa. Ka shiga, ka fito, bencin ba kowa. Umm Girgis an ba ta Alhamis. Likita ya canza mata adadin allura, ba wanda ya karanta mata, kunya ta hana ta tambaya. Tana kwance a asibiti yanzu, Allah dai ya kiyaye.

Na'urarka ta ji abin da muka faɗa. Wanda ba mu faɗa ba, na wanda ya zo ya zauna ne, kai kuwa ba ka zo ba. Ban tarbiyyantar da kai ka aiki wani ya saurari tsofaffi a madadinka ba. Ka zo ranar Talata.

Mahaifiyarka,
Nawal

Ɗana Wa'il,

Bayan gaisuwa, ina fata ka koma Alƙahira lafiya. Ka manta da cukun da na ɗaure maka, halinka tun kana ƙarami.

Na ji daɗi da ka zo ka zauna a bencin ka saurara, duk da tsiyar Hajja Sa'diyya. Har yau tana cewa, "Injiniya guda, amma sai da uwarsa ta jawo kunnensa." Kada ka ji haushi, ita ta goya ka ranar da aka yi maka kaciya.

Ka ce da ka koma ka ba na'urar abin da ka gani, ita ce ta tuna maka da masu zuwa daga ƙauye a mota ɗaya, cewa su ma a haɗa musu rana. To, madalla. Tana da amfani idan an kai mata gaskiya. Amma ƙafa taka ce, ita ba ta da ita, kada ka sake mantawa.

Gyaran manhajar ya iso. Jikan Hajja ya danna mana wurin da ake zaɓar abokan zuwa, aka haɗa mu mu uku. An sallami Umm Girgis, ta rame, amma wainar ta dawo jaka. Jiya likita ya gama da mu tun shayi bai huce ba. Muka fito muka zauna a bencinmu har azahar, na karanta mata allurarta sau biyu.

Da malamar jinya ta wuce, Umm Girgis ta tare ta ta ce, "'Yata, wannan jira naku zai kashe mu."

Kada ka rubuta wannan a cikin bukatu.

Ka gaida Hala, ka riƙe sallah.

Mahaifiyarka,
Nawal